DORUGU: YARON DA AKA SAYAR, YA ZAMA MALAMI

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan Dorugu a cikinmu, alhali kuwa yana cikin mutanen da suka fara sa harshen Hausa a takarda da baƙaƙen boko. Tarihinsa ya shafe mu, domin ya san wahalar da yara da yawa ke sha a garinmu har yau.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, cikin ƙasar Damagaram, wadda yanzu take Jamhuriyar Nijar. A zamanin nan farautar bayi ta yi yawa. Tun bai balaga ba mahara suka kama shi, suka raba shi da iyayensa. Daga wannan hannu zuwa wancan, har aka kai shi Kukawa, babban birnin Barno. Lokacin da ya kamata a ce yana wasa da tsaransa a dandali, shi yana bauta a gidan wani.

A Kukawa ya haɗu da wani Bature Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg. Ya yi masa aikin kula da raƙuma, daga baya Baturen ya fanshe shi, shi da wani yaro Margi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a 1852 kusa da tafkin Chadi, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu.

A nan akwai abin lura. An 'yanta Dorugu, amma aiki bai sake shi ba. Ya bi Barth yana yi masa hidima daga Kukawa zuwa Zinder, Katsina, Sakkwato da Gwandu, har suka isa Tambutu a 1853. Suka komo, suka ratsa hamadar Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan a 1855. Barth ya yi suna a duniya saboda wannan tafiya. Yaron da ya sha rana da ƙishirwa tare da shi kuwa, ba kowa ya tuna da shi ba.

Kada mu ɗauka cewa a ƙasarmu kaɗai yara suke wahala a wancan zamani. Ingilar da Dorugu ya tarar ta cika da masana'antu, kuma gumin yara na cikin abin da ya gina su. Masu masaƙu suna son ƙananan yara domin ladansu kaɗan ne, ga shi suna iya kutsawa ƙarƙashin injin su tsince auduga. Wasu suna jan kwal a cikin rami, wasu ana tura su cikin bututun hayaƙi su share. Sai da mutane irin su Lord Shaftesbury suka tashi tsaye kafin aka sami sauƙi. A 1833 aka hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙun auduga, a 1842 kuma aka hana sa wanda bai kai 10 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa.

A Ingila ne rayuwar Dorugu ta juya. Wani mai wa'azin bishara, J. F. Schön, ya daɗe yana ƙoƙarin rubuta Hausa, sai ya karɓe shi a gidansa. Dorugu ya koyi karatu da rubutu da Turanci, aka yi masa baftisma da suna James Henry. Shi kuma ya zama malamin mai gidansa. Ya ba shi tatsuniyoyi da labarai da tarihin rayuwarsa, Schön yana rubutawa. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Ashe duk shekarun da yake jan raƙumi, akwai dukiya a kansa, ba wanda ya tambaya.

Ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta. Da tsufansa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912.

To, yau an daina cinikin bayi a kasuwa. Masaƙun Kakuri ma, waɗanda suka fara da Kaduna Textiles a 1957, yawancinsu sun rufe. Amma mu duba titunan Unguwar Sanusi da Tudun Wada da Kasuwar Barci da safe, sa'ad da muke tafiya makaranta da jakunkunanmu. Ga yarinya da farantin talla a ka. Ga yaro a garejin makanikai, baƙin mai har gwiwar hannu. Ga almajiri yana wanke-wanke don ragowar tuwo. Ga 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, ita ke riga kowa tashi, ita ke kwana ƙarshe. Wataƙila a gidajenmu ma akwai irinta.

Ba a ce yaro kada ya taya iyayensa aiki ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin ƙi shi ne aikin da zai hana shi karatu, ko ya karya masa lafiya. Dokoki kuwa akwai su. Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, da dokar ilimin farko kyauta kuma dole a 2004, ana kuma tunawa da wannan matsala a duniya kowace ranar 12 ga Yuni. Sai dai doka ba ta da ƙafar da za ta shiga gida.

Dorugu ya sami wanda ya zaunar da shi ya koya masa baƙi, shi ya sa muke karanta sunansa yau. Iyaye da malamai da mu ɗalibai, kowa ya san wani yaro a layinsu wanda ba ya zuwa makaranta. Mu tambayi sunansa, mu nemi iyayensa ko mai riƙonsa, mu ga yadda za a yi ya shiga aji. Allah ya ba mu ikon yi, amin.