Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin Da Aikinsa Ya Zame Masa Lasisi

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau ya san Unguwar Babban Gwani, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko wane ne wannan gwani da har unguwa ta ci sunansa ba. Mu Hausawa mun iya riƙe sunayen sarakuna da malamai da mayaƙa, mu jero su tun daga kaka da kakanni. Sai dai da wuya ka ji an ambaci wanda ya gina fadar da sarkin ya zauna a ciki, ko masallacin da malamin ya yi limanci. Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, yana cikin ƙalilan ɗin da suka tsira daga wannan mantuwa. Ina so yau mu waiwayi rayuwarsa, domin akwai abin da za ta faɗa wa injiniyoyinmu da masu safiyo da hukumomin da ke ba su lasisi.

Durugu ya yi zamani a ƙarni na 19, lokacin da ƙurar jihadi ta lafa, sababbin sarakuna suka juya ga gina masallatai da fadoji da kotuna. A Zazzau Malam Musa ya yi sarauta har 1821, Yamusa ya gaje shi har 1834, sa'an nan Abdulkarim na gidan Katsinawa ya hau, ya riƙe ƙasa har 1846. A zamanin Abdulkarim ne aka ɗora wa Durugu aikin da ya sa sunansa ya ɗore, wato Masallacin Juma'a da ke ƙofar fada. Ruwayar Zazzagawa tana danganta ɗaukakarsa da Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Laƙabin Babban Gwani kuwa sarauta ce ta sana'a, ma'anarta shi ne shugaban magina, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan gini.

Kafin mu yaba masa, ya kamata mu san matsalar da ya warware. Ƙasa tana iya ɗaukar nauyin da aka danna mata daga sama, amma ba ta jure a ja ta ko a lanƙwasa ta. Shi ya sa maginin Hausa ke haɗa ta da azara, wadda ake tsagawa daga giginya, itacen da gara ba ta cika cin sa ba. To amma ita ma azara tana da iyaka. Idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata rufin ƙasa, ba ta cika ƙetare fiye da ƙafa shida ba tare da ta saki ba. Yaya za a yi ke nan a rufe zauren da zai ɗauki sahu-sahu na masallata da itacen da iyakarsa ke nan?

Amsar ita ce bakan gizo da ɗaurin guga. Magini zai dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, ya karkato da ita ciki kaɗan, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wani sashe a kan na farko, ya ƙara miƙo shi gaba, haka daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya. Idan bakuna da yawa suka gitta juna, sai su zama ƙashin da tulluwa ke zaune a kai. Wannan ita ce hikimar da injiniyan yau ke amfani da ita idan ya saka rodi a cikin kankare: abu ɗaya ya ɗauki danni, ɗayan ya ɗauki ja. Durugu bai ƙirƙiro wannan dabara ba, ya gaje ta ne daga magabata. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba, ya tsayar da ginshiƙai masu kauri, ya fitar da bakuna daga jikinsu kamar rassan itace, ya yi musu ado da zane mai zurfi wanda haske ke wasa a kansa. Ya kuma haɗa masallacin da zaurukan shiga da ɗakin shari'a, komai a muhallinsa.

Ba a Zazzau kaɗai ake jingina masa aiki ba. A Kafin Madaki ta Jihar Bauchi akwai soron da har yau ake kira Babban Gwani, wanda ke cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta keɓe. Mutane kuma sun kewaye shi da labarai, kamar yadda aka saba yi wa duk wanda ya gagari sa'o'insa. An ce da dare yake gini shi kaɗai, gari ya waye a tarar da aiki ya tashi. An ce ƙarshensa ya zo ne a Birnin Gwari, inda bayan ya gama wani gini aka hallaka shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Masu karatun Larabci za su tuna da Sinimmar, maginin fadar Khawarnaƙ, wanda aka ce irin sakayyar da ya samu ke nan. Irin wannan ruwaya, ko a ina aka same ta, tana nuna abu guda: jama'a sun yarda cewa ilimin yana cikin kan mutum ɗaya ne, idan ya tafi ya tafi da shi.

Amma ilimin Durugu bai bi shi kabari ba, kuma dalilin haka shi ne abin da ya fi jan hankalina. Magina suna da tsari. Yaro yana farawa ne da kwaɓa ƙasa da cura tubali, ya yi shekaru yana jefa wa na saman bango, kafin a bar shi ya hau. Bayan ya iya jera tubali sai ya koyi yaɓe, ya koyi haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa, ya koyi laso da ake yi da katsin marina da gashin jima da dafara don kare rufi daga ruwa. Sai can daga baya za a yarda ya taɓa bakan gizo. Babu takarda, amma akwai Sarkin Magina da manyan sana'a da suka san wa ya isa, wa bai isa ba. Wanda sorensa ya rufta kan mutane, sunansa da na gidansu ya ɓaci. Zuriyar Babban Gwani sun ci gaba da riƙe wannan jagoranci a Zazzau bayansa. Idan aka tace, tsarin ya ƙunshi abubuwa uku: horo mai tsawo, tantancewar manya, da ɗaukar alhaki.

Waɗannan ukun su ne ruhin lasisin zamani. A Amurka, jihar Wayomin ce ta fara kafa dokar ba injiniyoyi da masu safiyo lasisi a 1907, bayan da aka gaji da taswirorin rabon ruwa da marasa horo ke zanawa. A nan gida, masu safiyo sun kafa ƙungiyarsu tun 1934 ƙarƙashin Herbert Macaulay, wanda shi kansa injiniya ne kuma ɗan safiyo kafin siyasa ta ɗauke shi. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya ta kafu a 1958. Doka mai lamba 10 ta 1969 ta kafa ARCON ta masu zanen gine-gine, mai lamba 55 ta 1970 ta kafa COREN ta injiniyoyi, aka yi mata gyara a 1992 da kuma 2018. A 1989 aka samu SURCON ta masu safiyo da CORBON ta magina. A 2006 aka fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Ta fuskar doka dai ba mu da talauci.

To me ya sa gine-gine ke ci gaba da ruftawa? A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka mutu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos, aka rasa rayuka 22. A nawa ganin, mun ɗauki takardar mun bar ruhin. A zamanin Durugu duk mai unguwa ya san wanda ya isa ya ɗaura guga. Yau mai gina gida a Tudun Jukun ko Gwargwaje, sau da yawa bai san akwai rajistar da zai iya dubawa ba, kuma duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe tef sai a kira shi injiniya. Lasisin da jama'a ba su san da shi ba, ba zai kare kowa ba.

Abin ya zo har kan aikin Babban Gwani kansa. A shekarun 1970 an lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na kankare, aka bar wani sashe na aikin ƙasa a ciki. Allah Ya sa kafin nan masana sun auna shi sun zana, musamman Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, wanda ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ma ya yi nazari mai zurfi a kan gwanayen magina na ƙasar Hausa. Sai ga shi ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta, aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an lura da tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya auku. Mun yarda da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sa'an nan ka yi tawakkali. Ginin ƙasa yana son a duba shi kowace shekara kafin damina, a gyara indararo, a sabunta yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali har yau gari ne ke fitowa duk shekara a yaɓe babban masallacinsu ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar magina. Tambayar da ta dace mu yi wa kanmu ita ce: a cikin injiniyoyinmu masu hatimi, nawa ne aka koya wa karanta tsagar bangon ƙasa? A cikin maginanmu na gado da suka iya karanta ta, nawa ne doka ta san da zamansu?

Haka zancen yake ga masu safiyo. A da, iyakar gona gamba ce ko aduruku, shaida kuma dagaci ne da dattawan unguwa. Yanzu dattawan suna ƙarewa, fili ya yi tsada, gidajen gado ana ta tsaga su. Ganuwar Zazzau, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, wurare da dama an cinye ta da gini ko an kwashe ƙasarta. Rigimar iyaka da ke raba zumunci a kotunanmu, da yawa awon ɗan safiyo mai rajista zai kashe ta tun ba ta taso ba. Amma yaro nawa ne a cikin birni ya san cewa auna ƙasa sana'a ce da ake karantawa a jami'a?

A nan ne maganar makarantu ta shigo, kuma babu garin da ya fi Zariya dacewa da ita. Tun 1955 ake koyar da zanen gine-gine a nan, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga Samaru aka yaye da yawa daga cikin manyan injiniyoyin ƙasar nan. Tsakanin Samaru da ƙofar fada tafiya ce ta ɗan lokaci, amma ga ɗan cikin birni sai ka ce wata ƙasa ce. Shawarata ga rassan ƙungiyoyin injiniyoyi da masu safiyo ita ce kada su tsaya ga jawabin ranar 4 ga Maris ko 21 ga Maris, ranakun da duniya ta keɓe musu. Su shiga Alhudahuda da Barewa da Kufena da makarantar 'yan mata ta Ƙofar Gayan, su shiga Islamiyyu. Su tafi da na'urar awo a auna filin ƙwallon makaranta tare da ɗalibai. Su gayyaci dattijon magini daga Unguwar Babban Gwani ya ɗaura ƙaramin bakan gizo a gaban yara, malamin lissafi ya bayyana musu dalilin da ya sa bai faɗi ba. A nuna musu hatimin injiniya, a gaya musu abin da ke hawa kan mai shi idan ginin ya kashe mutum. Ko yaron bai zama injiniya ba, gobe shi ne mai gina gida, shi ne ɗan kwamitin masallaci, kuma zai san abin da zai tambaya.

Shawara ta biyu ga hukumomin ne. COREN tana yi wa masu sana'ar hannu rajista, ba injiniyoyi kaɗai ba. A nemo hanyar da gwanayen ginin ƙasa za su shiga wannan tsari ta gwajin aiki, a kuma riƙa haɗa su da injiniyoyi wajen duba tsofaffin masallatai da soraye kafin kowace damina. Kada wani ya ce ginin ƙasa ya zama tarihi. Falke Barmu, maginin Hausa na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, ya samu kyautar Aga Khan a 1986 saboda masallacin ƙasa da ya gina. Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022.

Muhammadu Durugu bai bar mana littafi ba. Ya bar gini da ya tsaya kusan shekara 190, ya bar almajirai, ya bar suna a kan unguwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shi da kansa tun yana yaro aka tanƙwara shi a bakin ramin kwaɓa ƙasa. Idan muna son wani gwanin ya sake fitowa daga cikin ganuwar nan, sai masu hatimi su taka zuwa inda yaran suke. Allah Ya jiƙan Babban Gwani, Ya gafarta wa waɗanda suka rasu a masallacinsa, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.