Malam Aminu Kano: Malamin da Ya Fara da Wasan Kwaikwayo Kafin Siyasa

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Garoua da Mubi ko Kano ya san sunan marigayi Malam Aminu Kano, ko da kuwa a allon filin jirgin saman Kano ya gan shi. To amma ba kowa ya san cewa kafin ya hau dandalin siyasa, dandalin wasan kwaikwayo ya fara hawa ba.

An haife shi a birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920, wato shekara huɗu kafin a haifi marigayi Ahmadu Ahidjo a nan Garoua. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne da ya yi aiki a kotun alƙali. Bayan karatun allo da Midil ta Kano, sai ya wuce Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942.

A wannan kwaleji ne ya soma rubuta wasanni, shi da 'yan uwansa ɗalibai suna nunawa. Ɗaya daga ciki ya shafe ku kai tsaye, ya ku 'yan kasuwa, domin sunansa Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? Wasan ya nuna yadda baƙauye kan shigo birni da ɗan guminsa, masu wayon kasuwa su yi masa sakiyar da ba ruwa. Wani kuma, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo zaluncin masu karɓar haraji a ƙarƙashin En'e. A lokacin, fita fili a faɗi irin wannan magana na iya kai mutum gidan yari, amma da aka sa ta a bakin ɗan wasa sai jama'a suka yi dariya, saƙo kuma ya isa.

Da aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ya ci gaba da tara yara yana koya musu tsara wasa da tsayuwa gaban jama'a ba tare da jin kunya ba. Babu kofi, babu kyautar kuɗi, babu bikin gasa irin na yanzu. Abin da yaran suka samu shi ne malami mai ba su lokacinsa da yamma, kuma a ganina wannan ya fi kofi wuyar samu. Abin takaici, yawancin wasannin ba a buga su a littafi ba.

A 1946 ya tafi karo ilimi Landan. Bayan ya dawo ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru, daga nan ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953. Sauran labarin sananne ne: ɗan majalisar tarayya a 1959, kwamishinan sadarwa da na lafiya a mulkin Gowon, sannan ɗan takarar shugaban ƙasa na PRP a 1979.

A zaɓen nan ne PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV 67 a Kano, wanda ya buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin matasa masu wasan kwaikwayo, ko da yake a lokacin Rimi da Malam sun riga sun ɓata. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne Tumbin Giwa ta fito da fim ɗin Turmin Danya a 1990, mafarin finafinan Hausa da kaset-kaset ɗinsu suka cika kasuwanninmu na kan iyaka.

Malam bai ga wannan ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya, cibiyar bincike ta Jami'ar Bayero. Allah ya jiƙansa, amin.