Fodeba Keita: mawaƙin da ya gina kason da ya cinye shi

Yau tarihinmu zai kai mu ƙasar Gine ta zamanin Seku Ture, wajen wani mutum da Turawan mulkin mallaka suka hana a saurari faya-fayensa, daga baya shi ma ya zama mai toshe bakin mutane. Sunansa Fodeba Keita.

An haife shi a 1921 a Sigiri, gari ne a bakin kogin Kwara, wannan kogin dai da ya ratsa Yamai. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda su Bubu Hama da Diori Hamani suka yi nasu. Ya ɗan taɓa aikin malanta, sannan a 1948 ya tafi Paris da niyyar karatun shari'a. Karatun bai yi nisa ba. Kiɗa da rawa suka ja shi, ya haɗu da wani gwanin gita, Kante Faseli, suka kafa ƙungiyar da daga baya duniya ta sani da suna Ballets Africains. Sun zagaya Turai, a 1959 har birnin New York na Amurka sun yi wasa.

Rubutunsa na kunne ne. Yana ba da labari, gita ko kora ko balafo na amsa masa, tamkar yadda maroƙan Mande suke yi tun kaka da kakanni. Littafinsa na waƙoƙi ya fito a 1950. Aikinsa da ya fi shahara shi ne Aube africaine, wato wayewar gari a Afirka. Labarin wani manomi ne, Naman, da dattawan ƙauye suka zaɓa ya tafi yaƙin Turawa. Ya yi yaƙi, ya samu lambar yabo, Jamusawa suka kama shi, ya tsira. Matarsa Kadiya tana gida tana jiran wasiƙa. Ya iso Dakar ke nan, saura kaɗan ya ga gida, harsashin Faransa ya kashe shi a barikin Tiyaroy.

Naman ƙirƙira ne, amma Tiyaroy gaskiya ce. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi, don kawai sun nemi a biya su kuɗinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da yawa sun ce sun kai ɗaruruwa. A lokacin da ba a son a ta da zancen, Fodeba ya sa shi cikin faifai. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta hana faya-fayensa shiga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Seku Ture ya jawo shi siyasa. A 1957 aka zaɓe shi ɗan majalisa daga Sigiri, aka ba shi ministan cikin gida. A ƙarshen wannan shekara gwamnatinsu ta soke sarautar gargajiya a Gine baki ɗaya. Ranar 28 ga Satumba 1958, Gine kaɗai ta ce a'a ga Janar De Gaulle. Nan gida Jibo Bakari da Sawaba sun nemi a yi haka, ba su yi nasara ba. Gine ta samu ƴanci ranar 2 ga Oktoba, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu da kayansu cikin fushi, Seku Ture ya juya wajen Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, ya kama tafarkin gurguzu. Jam'iyya ɗaya, PDG. Jarida ɗaya, Horoya. Rediyo ɗaya, Muryar Juyin Juya Hali. Ni da nake aikin rediyo, in na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi: ƙasa guda, makirfo guda, kuma mutum guda ke da shi.

Fodeba na cikin waɗanda suka tsara taken ƙasa, daga wani tsohon kiɗan yabon Alfa Yaya, sarkin Labe. Amma babban aikinsa yanzu tsaro ne. Ƴan sanda, jandarma, daga bisani har soja, duk suka koma hannunsa. A zamaninsa aka gina ɗakunan tsare ƴan siyasa a barikin Kamayen cikin Konakiri, da taimakon ƙasar Cekoslobakiya.

To ga inda zancen faifai ya dawo. A Nuwamba 1961 ƙungiyar malaman makaranta ta rubuta takardar koke kan albashi da halin aikinsu. Gwamnati ta ce makirci ne. Aka yanke wa shugabanninsu ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Cikinsu har da Jibril Tamsir Niyan, marubucin da shekara ɗaya kafin nan ya fito da labarin Sunjata, sarkin Mali, littafin da ɗalibai a Afirka ke karantawa har gobe. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka rufe makarantu, har jakadan Sobiyet aka kora bisa zargin yana da hannu. A wannan shekarar ce kuma Frantz Fanon ya ɗauko labarin Naman ya sa cikin littafinsa na ƙarshe, a matsayin misalin rubutun ƴanci. Ana yabon Fodeba a waje, shi kuwa yana riƙe da makullin kaso a gida. Kamara Laye, mai littafin L'Enfant noir, ya ga abin ba na zama ba ne, ya koma Dakar, can ya rasu a 1980.

Ƴan kasuwa ma sun sha nasu. A Nuwamba 1964 aka yi dokar da ta ƙwace wa da yawansu izinin ciniki, gwamnati ta ce ita za ta sayo ita za ta sayar. Kaya suka ɓace daga shaguna, sumoga ya bunƙasa. A 1965 wani ɗan kasuwa, Mamadu Ture, da ake ce wa Peti Ture, ya kai takardun kafa jam'iyyar adawa, abin da tsarin mulki bai hana ba. Aka kama shi, ya mutu a tsare. A ƙarshen shekarar nan aka ɗauke Fodeba daga tsaro, aka mai da shi ma'aikatar raya karkara. Wanda ya san Seku Ture ya san me wannan ke nufi.

Wasu na cewa Fodeba dole aka yi masa. Ni ban yarda ba. Mutum ne mai kaifin basira, ya san zafin a hana ka magana tun yana saurayi, kuma shekara 8 ya yi yana wannan aiki. Cikinsu bai sake rubuta wani abu da ya kama ƙafar labarin Naman ba. Littattafan da suka cika ƙasar a lokacin na Seku Ture ne, jawabansa da aka ɗinke juzu'i bayan juzu'i.

A farkon 1969 aka kama wasu sojojin laima a Labe. A cikin jirgin da ke kai su Konakiri suka jefo kwamishinan ƴan sanda Mamadu Bwaro daga sama. Aka sa wa barikin Kamayen sunansa, ya zama Kan Bwaro. Gwamnati ta ce ta gano makirci, ta kama Kanar Kaman Jabi da manyan mutane da dama, har da Fodeba. Aka rufe shi a ɗakunan da aka gina ƙarƙashin kulawarsa. Wasu da suka zauna gidan daga baya sun ba da labarin wani rubutu da ya bari a bango, inda ya amsa cewa zalunci ya yi wa aiki, kuma ya ƙirƙiro makirce-makirce don a kawar da mutane. Ranar 27 ga Mayu 1969 aka harbe shi, yana da shekara 48. Ba a ba iyalinsa gawarsa ba.

Kan Bwaro ya ci gaba da cin mutane. A 1977 Diallo Telli, sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu can bayan an hana shi ruwa da abinci. A watan Agusta na shekarar, matan kasuwar Konakiri suka tashi kan ƴan sandan tattalin arziki masu ƙwace musu kaya, suka tunkari fadar shugaban ƙasa, dole Seku Ture ya sassauta dokokin ciniki. Ya rasu a Amurka a Maris 1984, a farkon Afrilu soja suka karɓi mulki suka buɗe ƙofofin Bwaro. Taken ƙasar da Fodeba ya sa wa hannu shi ake bugawa a Gine har yau.