Walt Disney: mutumin da aka ƙwace wa zomo, ya tashi da ɓera

Idan watan Disamba ya kama, tashoshin talabijin na yara sukan dawo da finafinan bikin Kirsimeti, wanda a nan Nijar aka fi kira Nowel. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mickey's Twice Upon a Christmas, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da sunan Mickey, il était deux fois Noël. A shekarar 2004 ya fito a faifan bidiyo, kuma da kwamfuta aka sarrafa shi daga farko har ƙarshe. Mickey da Minnie da Donald da Dingo da Picsou duk sun fito da jiki mai kauri da inuwa, kamar ƴan tsanar roba da za ka miƙa hannu ka ɗauka. Sunan da ke rubuce a jikin faifan na mutumin da ya kusa cika shekara 38 da mutuwa ne, mutumin da bai taɓa ganin irin wannan kwamfuta ba. Hasali ma, ɓeran da ya ɗaukaka sunansa ba hannunsa ne ya fitar da siffarsa ba.

An haifi Walter Elias Disney ranar 5 ga Disamba 1901 a birnin Chicago na Amurka, shi ne na huɗu cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa Elias mutum ne mai zafi, wanda ya gwada sana'o'i da dama babu wadda ta karɓe shi. A 1906 ya kwashe iyalinsa zuwa wata gona a Marceline, cikin jihar Missouri, inda yaron ya saba da dabbobi ya kuma fara zana su. Gonar ba ta yi albarka ba. A 1911 suka koma Kansas City, uban ya sayi izinin raba jaridu gida-gida, ya sa Walt da yayansa Roy a aikin. Tun kafin asuba suke tashi, su bi unguwa cikin sanyi da ƙanƙara, da yamma kuma su sake zagayawa. Kuɗin na uban ne. A aji kuwa sai gyangyaɗi.

A 1918 ya nemi shiga soja aka ce ya yi ƙanƙanta. Sai ya sauya shekarar haihuwarsa a takarda, ya samu shiga ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge a matsayin direban motar ɗaukar marasa lafiya. Ko da ya sauka Faransa an riga an tsagaita wuta. Ya yi kusan shekara guda a can yana tuƙi, yana zane a jikin motar tasa, sannan ya koma gida a 1919.

A wani ƙaramin ofishin zanen tallace-tallace na Kansas City ya haɗu da sa'ansa Ub Iwerks, saurayi mai kunya da ƙarancin magana, amma mai saurin hannu na ban mamaki. Walt ya iya baki da tsara labari da shawo kan masu kuɗi, Ub ya iya alƙalami. Kamfanin katun na farko da Walt ya kafa, Laugh-O-Gram, ya karye a 1923, har ta kai yana kwana a ofis don ba shi da kuɗin haya. Ya tattara ƴan komatsansa ya hau jirgin ƙasa zuwa Hollywood, inda Roy ke jinyar tarin fuka a kusa. A watan Oktoba na shekarar suka buɗe kamfani na ƴan'uwa biyu: Roy da lissafi, Walt da finafinai. Bai jima ba ya aika wa Ub ya biyo shi, kuma daga wannan lokaci Walt ya ajiye zanen fim da hannunsa. A 1925 ya auri Lillian Bounds, ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke shafa tawada a kan zane.

Abin da ya sauya rayuwarsa ya faru ne a farkon 1928. Shekara guda kafin nan, shi da Ub sun ƙirƙiro wani zomo mai suna Oswald, suna yi wa kamfanin Universal gajerun finafinansa ta hannun wani dillali, Charles Mintz. Zomon ya karɓu. Walt ya tafi New York da niyyar neman ƙarin kuɗi a kan dalar Amurka 2,250 da ake biyan sa kowane fim. Mintz ya ce sai dai ragi, zuwa 1,800. Ya kuma sanar da shi abu biyu da bai shirya musu ba: akasarin masu zanensa sun riga sun sa hannu za su koma wajen Mintz, sannan bisa yarjejeniyar da shi kansa ya rattaba wa hannu, zomon mallakar Universal ne. Saurayi ɗan shekara 26 ya fito daga ofishin ba zomo, ba ma'aikata. Cikin manyan masu zanen, Ub ne ya tsaya masa.

Duk wanda ke waƙa ko shirya gajeren fim a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ya ɗora a shafin wani ko ya miƙa wa wani furodusa ba tare da ya karanta takarda ba, ya san irin wannan ƙunar. Walt dai ya ɗauki aniyar ba zai ƙara yin aikin da haƙƙin mallakarsa ke hannun wani ba, kuma a kan wannan aniya kamfanin yake tafiya har yau.

A ɓoye suka soma sabon aiki. An gajarta kunnuwan zomo aka mayar da su da'ira biyu, aka tsawaita wutsiya, sai ga ɓera. Ub ne ya fitar da siffar, shi kaɗai kuma ya zana fim ɗin farko, Plane Crazy, inda ake cewa yakan yi zane har 700 a yini. Walt ya so ya kira ɓeran Mortimer, matarsa ta ga sunan ya yi nauyi, aka tsaya a kan Mickey. Finafinai biyu na farko ba su samu mai saye ba. A na uku, Steamboat Willie, Walt ya yi kasadar haɗa sauti da motsi daidai wa daida, a lokacin da sinima mai magana ke tatata. An nuna shi ranar 18 ga Nuwamba 1928 a New York, kuma cikin ƴan makonni sunan Mickey ya zagaye ƙasar. Siririyar muryar nan ta ɓeran ta Walt ce, ya yi ta kusan shekara ashirin yana yi da kansa.

Abotar ba ta jure ɗaukakar ba. Ub ya gaji da yadda yabo ke tafiya wuri ɗaya da kuma shisshigin Walt a aikinsa. A 1930 ya fice ya buɗe nasa kamfani, ya sayar da kasonsa na kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin da bai kai dala 3,000 ba. Kamfanin nasa bai yi ƙarko ba. A 1940 ya dawo a matsayin ma'aikaci, ya koma ɓangaren na'urori da dabarun hoto, inda daga baya ya ci lambobin Oscar na fasaha. Haka labarin Picsou yake: wani mai zanen mujallu, Carl Barks, shi ya ƙirƙiro tsohon marowacin a wani labarin Kirsimeti na Disamba 1947, amma shekaru da dama masu karatu ba su san sunansa ba, domin sunan Disney kaɗai ake bugawa.

Tun da wuri Walt ya gane cewa ƙarshen shekara kasuwa ce. A Disamba 1932, ana tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, ya fitar da Mickey's Good Deed. A ciki Mickey maroƙin titi ne mai goge cikin ƙanƙara, wanda ya sayar da karensa Pluto ga gidan wani attajiri don ya saya wa ƴaƴan wata matalauciya kyauta. Mintoci bakwai ne kacal, baƙi da fari, amma a ganina har yau ya fi yawancin waɗanda suka biyo bayansa taɓa zuciya, wataƙila don wanda ya shirya shi ya san sanyin titi da asuba.

Babbar cacarsa ita ma a Disamba ta faɗo. Ya ce zai yi katun mai tsawon cikakken fim, mutanen Hollywood suka yi ta dariya, har Roy da Lillian suka so hana shi. Ya jinginar da gidansa, aka ci bashin banki, kuɗin aikin ya kai kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Ranar 21 ga Disamba 1937 aka nuna Blanche-Neige da wadanninta bakwai, fim ɗin ya mayar da kuɗinsa ninki-ba-ninki. Da ribar aka gina sabon ma'aikata a Burbank. Walt da Roy kuma suka saya wa iyayensu gida. A watan Nuwamba 1938 na'urar ɗumama gidan ta saki iska mai guba, mahaifiyarsu Flora ta rasu. Waɗanda suka zauna da shi sun ce abu ne da bai yarda a taɓo masa ba har ƙarshen ransa.

Akwai ɓangaren tarihinsa da tallan kamfanin bai cika faɗa ba. A watan Mayu 1941 ɗaruruwan masu zanensa suka shiga yajin aiki saboda bambancin albashi, da korar ma'aikata, da rashin saka sunayensu a finafinan da suka sha wahala a kai. Wutar ta kama ne bayan ya kori Art Babbitt, mutumin da ya ba Dingo halinsa na wauta, saboda jagorancin ƙungiyar ƙwadago. Walt yana ganin kansa uba ne ga ma'aikatansa, don haka ya ɗauki yajin a matsayin cin amana. An sasanta ne yana can rangadi a Kudancin Amurka, kamfanin ya amince da ƙungiyar. Bai yafe ba. A 1947 ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokoki mai farautar ƴan kwaminis, ya ambaci sunayen wasu daga cikin jagororin yajin, a zamanin da irin wannan zargi kan raba mutum da abincinsa. Mutumin da aka ƙwace wa aikinsa yana ɗan shekara 26 bai ga irin wannan koke a bakin nasa ma'aikatan ba. Fim ɗinsa na 1946, Song of the South, shi ma ya sha suka tun fitowarsa saboda yadda ya ƙawata zaman baƙaƙen fata a gonakin kudancin Amurka, kuma kamfanin bai saka shi a dandalinsa na kallo ta intanet ba.

Lokacin da sauran masu sinima ke tsoron talabijin, shi rungumar ta ya yi. Shirinsa na farko ya fito ranar Kirsimeti ta 1950. Talabijin ɗin ce ta taimaka masa da kuɗin gina Disneyland, filin shaƙatawar da aka buɗe a Anaheim ranar 17 ga Yuli 1955. Wani shirin Kirsimeti da ya yi a 1958 ya zama al'ada a ƙasar Suwidin: fiye da shekara 60 ke nan ana nuna shi da ƙarfe uku na yamma a jajibirin bikin, iyalai na taruwa su kalli Donald.

Mashayin sigari ne tun yana saurayi, har ma'aikata kan gane zuwansa da tarinsa. A watan Nuwamba 1966 likitoci suka gano kansa a huhunsa na hagu. Ya rasu ranar 15 ga Disamba, kwana goma bayan ya cika shekara 65. Jimillar lambobin Oscar da ya ci a gasa 22 ne, adadin da babu wanda ya kamo har yanzu. Labarin da ke yawo cewa an daskarar da gawarsa ƙarya ce. An ƙone ta, aka ajiye tokar a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale. Roy ya jinkirta ritayarsa ya kammala filin Florida a 1971, ya rasu a Disamban shekarar. Ub ya riga shi da ƴan watanni.

Halittun da suka bari suka ci gaba da aiki. A 1983, bayan shekara talatin bai fito a sabon gajeren fim na sinima ba, Mickey ya dawo da wani labarin Kirsimeti. A 1995 kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story, cikakken fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta, kasuwa ta juya, zanen hannu ya fara ja da baya. Fim ɗin Nowel na 1999 da hannu aka zana shi, na 2004 da ya biyo shi kuwa da na'ura. Nan masu aikin suka ci karo da wata dabara ta Ub: kunnuwan Mickey da'ira biyu ne cif, ko ta ina ya juya kansa. A takarda wannan ba komai ba ne, amma a kwamfuta, inda ake gina kai kamar na gunki, kunne zai koma siriri idan an kalle shi ta gefe. Dole aka tsara kunnuwan su riƙa zamewa a kan ƙoƙon kai suna fuskantar mai kallo. Labari na ƙarshe cikin biyar na fim ɗin kuma ya koma kan Mickey da ya rabu da Pluto a lokacin biki yana yawon neman sa cikin ƙanƙara, kusan abin da aka yi a 1932.

Zomon ma ya dawo gida. A watan Fabrairu 2006 kamfanin Disney ya karɓo haƙƙin Oswald daga NBC Universal, a musaya da sakin wani mai sharhin wasanni, Al Michaels, da ke son komawa can. Shekara 78 ke nan bayan zaman ofishin Mintz. Ranar 1 ga Janairu 2024 kuma wa'adin kariyar Steamboat Willie ya ƙare a dokar Amurka, bayan shekara 95. Yanzu a can kowa na iya ɗaukar Mickey na 1928, baƙi da fari, wanda ba shi da farar safar hannu, ya yi fim ɗinsa da shi ba tare da neman izini ba. Akasarin siffofin da suka zo daga baya, har da na kwamfuta, da alamar kasuwancin sunan, suna nan a hannun kamfanin.