Umaru Ɗan Abdul'azizu: Halifan da Ya Fara Gyara Daga Gidansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin mulki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai mai karatu, a filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa za mu kawo maka rayuwar wani bawan Allah da ya riƙe duniyar Musulmi tun daga Andalus har iyakar Sindu, na tsawon shekara biyu da wata biyar kacal, amma har yau in ana zancen adalci sai an ambaci sunansa. Wannan kuwa shi ne Umaru ɗan Abdul'azizu, Allah Ya yi masa rahama. Kada ka ce labarin sarakuna ne, ina ruwanka. Ai ba wanda ba shi da ɗan iko a kan wani. Uba yana da shi a gidansa, uwa tana da shi a kan 'ya'ya da 'yar aiki, malami yana da shi a aji, monita ma da allinsa da takardar rubuta masu surutu ikon ne a hannunsa.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Umaru wajen shekara ta 61 bayan Hijira. Mahaifinsa Abdul'azizu ɗan Marwanu shi ne gwamnan Masar, kuma ƙanin Halifa Abdulmaliku, ke nan ɗan gidan sarautar Banu Umayya ne. Ta wajen uwa kuwa, mahaifiyarsa Ummu Asim jikar Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ce (R.A.). Masu tarihi sun ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umaru yana zaga Madina sai ya ji wata mata tana umartar 'yarta ta zuba wa nono ruwa kafin a kai kasuwa. Yarinyar ta ƙi yin algus, domin ko Halifa ba ya ganinsu, Allah Yana gani. Da gari ya waye ya nemo ta, ya aura wa ɗansa Asim. To, wannan yarinya ita ce kakar Umarunmu. Ka ga barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A Madina ya yi karatu. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya zauna gaban manyan tabi'ai kamar Ubaidullahi ɗan Abdullahi ɗan Utba, aka kuma danƙa tarbiyyarsa a hannun Salihu ɗan Kaisana. Wata rana ya makara sallar jam'i saboda ana gyara masa gashi. Malamin ya rubuta wa uban a Masar, uban kuwa ya aiko a aske kan ƙwal. Iyaye, ku lura: gwamna guda bai ce don me za a taɓa masa ɗa ba, malamin ya goya wa baya.

Duk da haka Umaru ya tashi cikin daula. An san shi da tufafi masu tsada da turare mai ƙarfi, har da wani irin taku na ƙasaita da 'yan matan Madina suke kwaikwaya. Baffansa Halifa Abdulmaliku ya aura masa 'yarsa Faɗima.

Gwamnan Madina

A shekara ta 87 bayan Hijira (706 Miladiyya) Halifa Walidu ya naɗa shi gwamnan Madina, yana da shekara kamar ashirin da biyar. Da isarsa sai ya tara malaman fiƙihu goma na garin, cikinsu akwai Urwatu ɗan Zubairu, da Ƙasimu ɗan Muhammadu jikan Sayyidina Abubakar, da Salimu ɗan Abdullahi ɗan Umar, da Sulaimanu ɗan Yasaru. Ya sanar da su ba zai yanke wani al'amari ba sai da shawararsu, ya kuma ɗora musu nauyin kawo masa labarin duk ma'aikacinsa da ya zalunci wani. Saurayi ya sami mulki, abu na farko da ya yi shi ne neman waɗanda za su taka masa burki. A zamanin gwamnancinsa ne kuma aka faɗaɗa Masallacin Annabi (S.A.W.) bisa umarnin Walidu.

Sai dai akwai wani tabo a wannan zamani da bai kamata mu ɓoye maka ba. Walidu ya aiko masa da umarni ya yi wa Hubaibu ɗan Abdullahi ɗan Zubairu bulala. Umaru ya bi umarni, aka yi masa bulala, aka kwara masa ruwa a rana mai tsananin sanyi, aka tsayar da shi a ƙofar masallaci. Hubaibu ya rasu a sanadin haka. Wannan abu bai bar zuciyar Umaru ba har ya koma ga Allah. An ruwaito cewa duk sa'ad da aka yabe shi ko aka yi masa bushara da alheri, sai ya tuno da Hubaibu. Bai taɓa fakewa da cewa sa shi aka yi ba, domin ya gane wanda ya ba da umarnin zalunci da wanda ya zartar kowa zai amsa nasa.

A shekara ta 93 aka cire shi. Dalili kuwa, mutanen Iraƙi da ke gudun zaluncin Hajjaju ɗan Yusufu suna samun mafaka a Madina, sai Hajjaju ya kai ƙararsa wurin Halifa. Umaru ya koma Sham. Da Sulaimanu ɗan Abdulmaliku ya hau, ya jawo shi jiki ya zama mai ba shi shawara.

Ranar da Nauyi Ya Faɗo

A watan Safar na shekara ta 99 (717 Miladiyya) ajali ya riski Sulaimanu a Dabiƙ. Bisa shawarar malamin nan Raja'u ɗan Haiwata, ya rubuta sunan Umaru a takardar wasiyya aka rufe ta, aka karɓi mubaya'ar dangi a kanta tun ba su san sunan da ke ciki ba. Da aka karanta, Umaru ya hau mumbari ya sanar da jama'a cewa bai nemi abin nan ba, ba a kuma shawarci Musulmi ba, don haka ya sauke musu mubaya'arsa, su zaɓi wanda suke so. Jama'a suka ce shi ɗin suke so. Aka jawo masa dawakan sarauta da kayan ƙawarsu, ya ce a mayar da su baitulmali, ya hau alfadarinsa ya tafi.

Gyara Daga Gida

A nan ne, mai karatu, nake so ka natsu. Banu Umayya sun daɗe suna tara gonaki da dukiyar da aka karɓe daga hannun mutane ba bisa haƙƙi ba. Umaru ya ƙudura mayar da su, amma da kansa ya fara. Ya binciki abin da ya gada da abin da halifofi suka yanka masa, duk wanda asalinsa bai gamsar da shi ba ya mayar. Har da gonar Fadak da ta faɗo hannunsa ta wajen kakansa Marwanu, ya sake ta.

Daga nan sai matarsa. Faɗima fa 'yar halifa ce, 'yar'uwar halifofi, matar halifa, tana da kayan ado na alfarma da mahaifinta ya ba ta. Umaru bai ƙwace ba, ko da yake yana da ikon miji da na sarki a kanta. Ya zaunar da ita ya bayyana mata cewa ba zai iya zama gida ɗaya da wannan dukiya ba, ya ba ta zaɓi tsakanin kayan da zama da shi. Ta zaɓe shi, aka kai kayan baitulmali. Bayan rasuwarsa ɗan'uwanta Yazidu ya hau mulki ya ce zai mayar mata, ta ƙi, domin ba za ta bi mijinta yana raye ta saɓa masa yana kabari ba. Ka ga bambancin biyayyar da aka samu da yarda da wadda aka samu da tsoro. Ta tsoro ranar da mai iko ya kau take ƙarewa.

Sai da ya gama da kansa da iyalinsa sannan ya juya ga dangi. Wani Kirista daga Himsa ya kawo ƙarar Abbas ɗan Walidu a kan fili. Abbas ya fito da takardar da mahaifinsa Halifa Walidu ya rubuta masa. Umaru ya hukunta cewa Littafin Allah ya fi takardar Walidu cancantar a bi, aka mayar wa Kiristan filinsa. Dangi suka fusata, suka turo gwaggonsa Faɗima 'yar Marwanu ta yi masa magana. Ya karɓe ta da girmamawar da ta dace da uwa, ya saurare ta, amma bai janye ba. Da bai fara da gidansa ba, da wane baki zai yi musu magana?

Kada kuma ka ɗauka gaggawa ya yi. Ɗansa Abdulmaliku, saurayi mai tsoron Allah, ya riƙa matsa masa ya kawar da zalunci a rana ɗaya. Uban ya nuna masa cewa in aka ɗora wa mutane gaskiya gaba ɗaya za su yi jifa da ita gaba ɗaya, fitina ta tashi. Ya ji daɗin ƙwazon yaron, ya karɓi nasiharsa inda ta dace, ya kuma koya masa bi sannu.

Tsakanin Nasa da Na Jama'a

An ruwaito cewa in yana aikin Musulmi da dare yakan kunna fitilar baitulmali, da zarar zance ya koma na gidansa sai ya kashe ta ya kunna tasa. An taɓa kawo almiski na baitulmali gabansa, ya toshe hancinsa, domin amfanin almiski ai ƙanshinsa ne. Wata rana ya yi sha'awar tuffa, wani ya aiko masa da ita kyauta, ya mayar. Aka tuna masa cewa Annabi (S.A.W.) yana karɓar kyauta, ya bayyana cewa a wancan zamani kyauta ce, amma ga masu mulki a yau ta zama rashawa. Wannan ita ce gaisuwar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa cikin miyagun al'adun sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙ.

Gwamnoni da Talakawa

Umaru ya hana gwamnoninsa yin kasuwanci a inda suke mulki, domin wa zai iya ciniki da gwamna? Ya kuma yalwata musu albashi don kada buƙata ta kai su ga ha'inci. A wancan lokaci wasu gwamnoni suna ci gaba da karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta, wai kada kuɗin shiga ya ragu. Ya hana. Da gwamnonin suka koka, ya tunatar da su cewa Allah Ya aiko Annabi (S.A.W.) don shiryarwa, ba don tara haraji ba. Gwamnan Hurasana, Jarrahu ɗan Abdullahi, a kan irin wannan ƙara ya rasa kujerarsa.

Mutanen Samarƙand, wadda take cikin ƙasar Uzbekistan a yau, sun aiko da ƙara cewa Ƙutaiba ɗan Muslim ya shiga garinsu ba bisa ƙa'ida ba. Umaru ya sa alƙali ya zauna musu. Alƙalin ya hukunta cewa rundunar Musulmi ta fita daga garin a sake lale. Da mutanen suka ga haka, suka yarda a bar al'amarin yadda yake.

Shi ne ya hana zagin Sayyidina Aliyu (R.A.) a kan mumbari, ya sa aka maye gurbinsa da aya ta 90 a Suratun Nahli, wadda limamai da yawa suke rufe huɗubar Juma'a da ita har yau. Shi ne ya rubuta wa Abubakar ɗan Hazmu a Madina ya tattara hadisai a rubuce don gudun kada ilmi ya tafi da tafiyar malamai. Ya kuma aika malamai goma na tabi'ai zuwa Ifriƙiyya, wato yankin Tunisiya, su karantar da Barbarawa addini.

Rasuwarsa

Ya kwanta rashin lafiya a Dairu Sam'ana cikin ƙasar Sham. Masu tarihi da yawa sun ce guba aka ba shi. Surukinsa Maslama ɗan Abdulmaliku ya zo dubiya ya tarar da rigarsa ta yi datti, ya ce wa Faɗima a wanke ta. Ya dawo ya tarar da ita yadda take, sai Faɗima ta rantse masa cewa ba shi da wata. Wannan fa shi ne saurayin nan na Madina mai turare. Maslama ya nuna masa zai bar 'ya'yansa cikin talauci, amma Umaru ya ƙi ba su haƙƙin wasu, ya bar su ga Allah. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101 (720 Miladiyya), yana da shekara kamar arba'in.

Abin da Ya Rage Gare Mu

To, ɗalibi, in an ba ka monita, shin sunan abokinka yana shiga takarda in ya yi surutu, ko kuwa sai na ƙananan da ba sa iya rama maka? Ke ɗaliba, in Inna ta bar miki ƙanne, aikinki kike jibga musu? Maigida, dokar da ka kafa a gida ta hau kanka kai ma? Ma'ajin kwamitin makaranta ko na masallaci, kuɗin jama'a da naka aljihu ɗaya suke kwana? Mu malamai kuma, bulalar da ke hannunmu mu tuna da Hubaibu kafin mu ɗaga ta. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya ci amanar aji yana yaro, da wuya ya riƙe ta gari in ya girma.

Allah Ya jiƙan Umaru ɗan Abdul'azizu, Ya gafarta masa, Ya ba mu shugabanni masu koyi da shi. Ya Allah, duk ɗan ikon da Ka sa a hannunmu, Ka sa ya zama hujja gare mu, kada ya zama hujja a kanmu ranar tsayuwa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.