MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA DA WASIYYARSA

A fitowar mujallarmu ta bana mun zaɓi waiwayar rayuwar attajirin da dattawan Gaya da Ajingi suka san sunansa tun zamanin awon gyaɗa, wato marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, domin akwai darasi a ƙarshen rayuwarsa ga 'yan'uwanmu mazauna birane.

An haifi Alhassan a garin Bebeji cikin shekarar 1877, a gidan Madugu Abdullahi, ɗaya daga cikin fataken Agalawa masu safarar goro daga Gwanja. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Amarya kuma ta koma ƙasar Gwanja da fataucinta. Riƙonsa ya faɗa hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan ne laƙabin Ɗantata ya samo asali. Maraici ya koya masa tattali da tanadi tun yana almajiri.

Da ya kawo ƙarfi sai ya bi sawun iyayensa, ya shiga cinikin goro tsakanin Kumasi da Ankara da Legas. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, Alhassan ya zama babban mai saya musu. Gyaɗar da kakanninmu suka noma a gabashin Kano tana cikin wadda aka jera dalar gyaɗa da ita. A 1929, lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa kuɗin azurfar da ya kai ajiya kayan raƙuma ashirin ne. Kafin rasuwarsa ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ya yi sallama da duniya. Da ciwo ya tsananta a 1955, bai bar al'amarinsa a duhu ba. Ya tara 'ya'yansa da mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya da su haɗa kai kada kamfanin ya wargaje, su guji husuma da sauran attajiran Kano, su kuma riƙe dangi, musamman marasa ƙarfi daga cikinsu. Allah ya karɓi ransa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari.

Wasiyyar ta yi albarka. Gidan ya ci gaba a hannun Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025. Cibiyar wankin ƙoda da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai ɗauke da sunan Alhassan Ɗantata, tana daga cikin ayyukan alherin zuriyarsa.

To, mu fa? Da yawa daga cikinmu sun mallaki gidaje da shaguna a Kano da Kaduna da Abuja, amma rubuta wasiyya suke tsoro, kamar shi ne zai jawo ajali. Alhali shari'a ta yardar wa Musulmi ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Cikin wannan sulusi mutum na iya barin shago ɗaya waƙafi, kuɗin hayarsa ya riƙa biyan malaman Islamiyyar unguwarsu, ko gyaran rijiyar burtsatse a ƙauyensu, ko ɗaukar nauyin karatun marayu. A rubuta, a sa shaidu adilai, a sanar da magada tun mutum yana da lafiya, domin wasiyyar baki ita ce ta fi saurin ɓacewa a wurin rabon gado.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da magabatanmu baki ɗaya, ya sa mu cika da imani, amin.