GEORG OHM, ƊAN MAƘERIN DA YA GANO LISSAFIN WUTAR LANTARKI

Daga Wakilinmu a Gombe

A unguwar Kagarawal ta nan Gombe, in ka tsaya rumfar mai gyaran rediyo ko wurin mai aikin wayarin, za ka ga wata 'yar mita mai wayoyi biyu, ja da baƙi. A fuskarta akwai wata alama mai kama da kofaton doki, ita ce alamar om. 'Yan'uwanmu masu wannan sana'a a Ikko da Badun su ma kullum suna kallonta, amma kaɗan ne suka san sunan mutum ne. To yau ga tarihin mai sunan.

An haifi Georg Simon Ohm ran 16 ga watan Maris 1789 a garin Erlangen na ƙasar Jamus. Ubansa, Johann Wolfgang Ohm, maƙeri ne mai yin kwaɗo da mabuɗi. Bai yi makaranta mai zurfi ba, amma ya koya wa kansa lissafi daga littattafai, sa'an nan ya zauna ya koya wa 'ya'yansa. Cikin 'ya'ya bakwai, uku ne kaɗai suka rayu, watau Georg da ƙanensa Martin, wanda shi ma ya zama babban malamin lissafi, da 'yar'uwarsu Elizabeth. Uwarsu ta rasu Georg yana da shekara goma.

Cikin 1805 ya shiga jami'ar garinsu, amma sai ƙuruciya ta ɗauke shi, ya mai da hankali ga rawa da wasanni. Uban ya ga guminsa yana neman tafiya a banza, ya cire shi, ya tura shi ƙasar Suwizalan neman abin kansa. Cikin 1806 ya kama koyar da lissafi a can, yana ɗan shekara 17. Zaman baƙunci ya gyara shi. Yana koyarwa yana karatu shi kaɗai, har ya komo gida cikin 1811 ya sami digirin dakta. Duk da haka albashin jami'a bai ishe shi ba, sai ya koma malamin makaranta a Bamberg, daga nan kuma ya tafi birnin Kolon cikin 1817, inda ya tarar makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki.

A zamanin nan lantarki sabon abu ne. Cikin 1800 ne Volta, mutumin Italiya, ya ƙera batir na farko, cikin 1820 kuma Oersted na ƙasar Denmak ya gano in wuta tana bin waya, tana juya allurar maganaɗisu da ke kusa. Amma ba wanda ya iya faɗin yawan wutar da za ta bi waya kaza. Ohm ya ɗauki wannan tambaya, sana'ar gidansu kuwa ta taimake shi, gama ya iya aikin ƙarfe da hannunsa.

Da fari batir ya yi ta ba shi wahala, domin ƙarfinsa yana raguwa ana cikin awo. Cikin 1826 sai ya bi shawarar wani masani, Poggendorff, ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayar cikin ƙanƙara. Wannan ya ba shi wuta mai ƙarfi ɗaya, ba hawa ba sauka. Sa'an nan ya kawo wayoyin jan ƙarfe takwas, tsawonsu dabam-dabam, yana sa su ɗaya bayan ɗaya yana duba yadda allura take juyawa.

Abin da ya gano mai sauƙi ne in an kwatanta da ruwan famfo. Tankin da yake bisa yana tura ruwa da ƙarfi, wannan turi a lantarki ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da yake gudu cikin bututu shi ne gudun wuta, ana auna shi da amfiya. Ƙuncin bututu mai hana ruwa wucewa shi ne turjiya, ita ce ake aunawa da om. Dokar Ohm ita ce, in ka raba bolt da om, sai ka sami amfiya. Batirin mota mai bolt 12 in an haɗa shi da ƙwan fitila mai om 6, wuta amfiya 2 za ta gudana. In ka san biyu, na ukun ya fito: amfiya sau om ya ba ka bolt, bolt a raba da amfiya ya ba ka om. Dutsen guga mai jan amfiya 5 daga wutar gida mai bolt 230, turjiyarsa om 46 ke nan.

Wannan lissafi ya shafi rai da dukiya. Busasshiyar fata tana iya kai om 100,000, amma jiƙaƙƙen jiki yakan sauko wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka sami kusan rubu'in amfiya, wanda ya isa ya kashe mutum. Shi ya sa ba a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Haka kuma waya siririya ta fi mai kauri turjiya, in aka ɗora mata kaya masu jan wuta da yawa sai ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi a ɗakin haya ko rumfar kasuwa. Wanda ya maye fis da waya mai kauri ya kori mai gadin gidansa ne.

Cikin 1827 Ohm ya buga littafinsa a Balin, yana tsammanin zai sami kujera a jami'a. Sai manyan malaman Jamus suka yi biris da shi, waɗansu ma suka kushe aikin, don ba su saba ganin an bayyana lantarki da lissafi ba. Ransa ya ɓaci, ya ajiye aikinsa na Kolon, ya zauna Balin yana 'yar koyarwa da ƙaramin albashi har 1833, lokacin da ya sami aiki a makarantar fasaha ta Nurembag.

Daga waje girma ya fara zo masa. Cikin 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta ba shi lambarta mafi daraja, watau lambar Copley. Sai a nan mutanen gida suka farga. Aka kira shi Munik cikin 1849, cikin 1852 kuma aka ba shi kujerar farfesa da ya daɗe yana nema. Shekara biyu kacal ya yi a kanta, ya mutu ran 6 ga watan Yuli 1854 yana da shekara 65, bai taɓa aure ba. Cikin 1881 taron masanan lantarki na duniya a Faris ya tabbatar da sunansa a kan ma'aunin turjiya.

Saboda haka, 'yan'uwa masu yara a wurin koyon wayarin ko gyaran rediyo, kada ku bar su da filaya da sukuddireba kaɗai. Ku sa su koyi wannan ɗan lissafi na rabawa da ninkawa, kamar yadda maƙerin Erlangen ya haɗa wa ɗansa guduma da alƙalami.